Yadda zaka riƙe motsa jiki bayan ɗokin sabuwar shekara ya wuce

Duk farkon Janairu in ka leƙa wurare irin su Race Course a Kano ko Murtala Square a Kaduna da sassafe zaka ga sabbin fuskoki, sabon kambas, sabon wandon tirenin, kowa da niyyar sauke tumbi. Ka dawo bayan sati uku ka ƙirga su. Abin nan yana damuna sosai, don yawanci mutum ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfinsa ne, kuma a tsakiyar hunturu, lokacin da bargo yafi komai daɗi da asuba, ga hazo ga ƙura ga mura.

Toh abu na farko ɗan'uwa, rage burin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babban mutum yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a sati, wato minti 30 sau biyar, sai kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka irin su furesof da tsugunne-tashi. Amma kai da ka shekara biyar daga mota sai ofis sai kujera, kada ka fara daga nan. Fara da minti 15 na tafiya da sauri, irin saurin da zaka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Masu zuwa ranar farko su zaga fili sau goma su ne bayan kwana biyu cinya ke riƙewa, ko sujada sai da ƙyar, daga nan shikenan an ajiye kambas. Ciwon tsokar nan yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin kuma yana wucewa da kansa, tafiya a hankali ma tana sassauta shi.

Sai ka ɗaure motsa jikin da wani abu da baka fashinsa. A wajena babu kamar sallar asuba. Ka fita masallaci da shirinka, in an sallame ka gama azkar kada ka koma ɗaki, don wallahi in ka shiga ka ga katifa magana ta ƙare, kawai ka miƙe hanya ka zaga unguwa ka dawo. In sanyi da ƙura sun yi yawa ka rufe hanci da takunkumi, ka shafa basilin a leɓe da ƙafa, mai asma kuma gara ya bari rana ta ɗan ɗaga. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi, iskar hunturu busar da mutum take ba tare da ya sani ba. 'Yar'uwa ke kuma ba dole sai kin fita ba, in yara sun tafi makaranta tsakar gida ta isa, igiyar tsalle ko zagaye da sauri, ki tsayar da lokaci ɗaya kullum.

Nemi abokin tafiya mutum ɗaya tak, wanda in baka fito ba zai buga maka ƙofa. Guruf ɗin WhatsApp mai mutum arba'in hotuna kawai ake turawa, ba wanda zai lura ka ɓace.

Maganar sikeli kuwa, nan mutane da yawa ke karaya. Ka yi sati biyu kana gumi ka hau ka ga ko gezau, sai zuciya tace aikin banza. Nauyi yana hawa yana sauka a rana ɗaya saboda ruwa da abinci, kuma raguwar da likitoci ke so bata wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Gara ka samu tef ɗin tela ka auna ƙugu sau ɗaya a wata, sannan ka rataye kalanda kana tsaga layi duk ranar da ka fita, layukan nan su zaka riƙa kallo. Ka kuma duba abin da kake zubawa ciki, in ka dawo daga tafiya ka zauna wajen mai shayi aka haɗa maka mai kauri da madara da sukari cokali huɗu, da rana ka kora da lemon kwalba, tumbin ba inda zashi. Rage sukarin da rabi tukuna, tuwonka ka ci amma miya da ganye su fi yawa.

Zaka yi fashi, wannan dole ne, biki zai zo, suna zai zo, ta'aziyya, tafiya ƙauye. Wani bincike da aka yi a Landan a 2009 ya gano sabon abu yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, kuma tsallake rana ɗaya baya rushe shi. Abin da nake roƙonka kada fashin ya kai kwana biyu a jere, ko minti goma ne ka fita washegari, kuma kada kace zaka rama ka ninka.

Sai babban gwajin, azumi. Shekarun nan yana faɗowa ne ba nisa da Janairu, na 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauka, kuma duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, wato daidai lokacin da jiki ya fara sabawa sai tsari ya canza, ga zafin bazara yana shigowa. Tun yanzu ka yanke yadda zaka yi. Tafiyar asuba ka maida ita ta minti 20 gab da shan ruwa, a hankali ba gudu, ko bayan asham in ciki ya sauka, furesof ɗin ma a bari sai dare. In ka riƙe ko kwana uku a sati har sallah, dawowa tsarin safe ba zai yi maka wuya ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya soma, balle da azumi a baki, kuma duk wanda yaji ƙirji ya ɗaure ko jiri na ɗibarsa ya tsaya nan take ya nemi asibiti.