Kurakuran da aka fi yi wajen sa ƙofar gida da yadda ake gyara su

Idan ƙofa ta fara gogar ƙasa ko makulli ya ƙi shiga, mai gida yakan ɗora laifin a kan ƙyauren ko a kan kafinta, alhali yawancin matsalar daga firam take, wato dogaran ƙofa biyu na gefe da na sama wanda ya haɗe su, waɗanda ake kafawa cikin bango. Ƙyaure yana bin firam ne duk inda ya karkata.

Kuskuren farko shi ne kafa firam da ido kawai. Magini ya jingina shi, ya ja da baya ya duba, ya ce ya miƙe, sai a zuba siminti. Bayan mako guda sai a ga ƙofa tana buɗe kanta ko tana rufe kanta. Abin da ya kamata shi ne a ɗora lebur, wato ma'aunin da ke nuna ko abu ya miƙe, a kan kowane dogari ta fuska biyu, sannan a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a kuma auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo daidai ba, firam ɗin ya murɗe. A tokare tsakiyarsa da katako kafin a zuba siminti, domin nauyin kwaɓin yana matse dogaran zuwa ciki. Firam na ƙarfe kuwa dole ne a cika bayansa da kwaɓin siminti, a kuma binne kunnuwansa, wato 'yan ƙarafan da ke fitowa ta bayansa, sosai cikin bulo, in ba haka ba duk bugun ƙofa sai filasta ta tsage. Wanda ya riga ya karkace ba shi da magani sai a fasa gefensa a sake zaunar da shi. Fere ƙyaure ɓoye ciwon kawai yake yi.

Na biyu, wanda a ganina ya fi jawo asara, shi ne sa ƙofa ba a yi lissafin daɓe ba. Ƙofar ɗaki da aka saba ita ce mai faɗin santimita 90 da tsayin 210, amma tsayin nan daga saman tayil ake ƙirga shi, ba daga kankaren farko ba. Idan aka manta, mai tayil zai zo ya ɗaga ƙasa da santimita 4 ko 5, ƙyaure ya ƙi buɗuwa. Na katako ana iya rage gindinsa, amma na ƙarfe sai an kira mai walda ya yanke, kuma wurin yankan nan ne tsatsa take fara ci. Tun kafin a kafa firam a ja layi a bango wanda zai nuna inda daɓe zai tsaya, a bar kimanin santimita 1 tsakaninsa da ƙyaure. Ƙofar waje kuma tana bukatar dokin ƙofa mai ɗan tudu saboda ruwan damina.

Sai batun hinji. Ƙyaure mai nauyi hinji uku yake so, kuma da sukuru ake ɗaure su. Wasu kafintoci saboda sauri sukan buga sukurun da guduma kamar ƙusa, zarensa ya ɓata ramin, bayan 'yan watanni ƙofa ta sunkuya. Gyaransa shi ne a cire, a cusa guntun katako da gam a ramin, a ɗaura sukuru mafi tsayi.

Katako ɗanye ma yana yaudara. Ƙyauren da aka daidaita shi cif da hunturu zai kumbura da damina ya cije, wanda aka yi da damina kuma ya tsuke da rani har haske ya riƙa shiga. A nemi busasshen katako, a bar tazarar milimita 3 a gefe da sama, a shafa maganin gara a bayan firam, sannan a yi wa gindin ƙyaure da samansa fenti, domin ta nan laima take shiga kuma nan ne ake yawan tsallakewa.

Makulli da sakata su ne na ƙarshe. Kada a huda musu rami sai ƙyaure ya rataya yana rufuwa ba tare da an tura shi da kafaɗa ba, a sa mariƙin kimanin mita 1 daga daɓe, sannan a yi alamar ramin harshen makulli a jikin dogari ƙofa tana rufe.