Yadda ake leƙa sararin samaniya da kwamfuta daga Legas

Wanda ya tashi a Arewa ya san yadda taurari ke cika sama da dare. A Agege ko Idi-Araba kuwa, hasken fitilu da hayaƙin janareta da giragizan damina sun rufe kusan komai. Manhajar Stellarium, wadda Bafaranshe Fabien Chéreau ya fara a 2001, tana nuna maka abin da ke can sama. Kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar data.

Da farko buɗe manhajar a kwamfuta, danna maɓallin F6, ka rubuta Lagos. Kada ka tsallake wannan, in ba haka ba samaniyar wani gari za ka riƙa kallo. Legas na kusan digiri 6 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa tauraron arewa yake can ƙasa-ƙasa, ko bene ɗaya ya isa ya kare shi.

Sai ka danna A, iskar da ta lulluɓe duniya ta gushe, taurari su bayyana ko da rana tsaka. G kuma yana cire ƙasa.

Yanzu danna F3 ka nemo Venus, wato Zara matar wata. Matsa kusa da Page Up, za ka ga ita ma tana cika tana raguwa kamar wata. Nemo Pleiades, Kaza da 'Ya'yanta ke nan. Daga nan ka wuce duniyar Jupiter, ka danna L sau biyu ko uku don lokaci ya yi gudu, ka ga manyan watanninsa huɗu da masanin taurari Galileo ya hango a 1610 suna zagaya shi. K na mayar da gudun daidai.

Inda na fi jin daɗi shi ne F5. Saka 29 ga Maris, 2006, bayan ƙarfe goma na safe, ka kalli husufin rana. A Legas wata bai rufe ranar duka ba. Sauya wurin zuwa Gusau, sai ka ga gari ya yi duhu.

Manhajar tana kuma nuna inda jinjirin wata zai tsaya bayan magariba, amma sanarwar azumi ta Sarkin Musulmi ce. In kwamfutarka tsohuwa ce tana nauyi, buɗe Stellarium Web, wato shafin manhajar na intanet, a waya, sai dai wannan yana cin data.