Harafi ɗaya, furuci iri-iri: ga sabon zuwa Sin ko Japan

In Bahaushe ya ga "gari" a rubuce, jimla ce ke nuna masa na tuwo ake nufi ko na zama. Haka rubutun Sin da na Japan yake, sai dai nasu ya fi tsanani, domin ma'ana kan sauya furucin harafi gaba ɗaya. Don haka kada ka haddace harafi shi kaɗai, haddace shi cikin kalma.

A Sinanci yawancin haruffa furuci ɗaya gare su, amma masu sauyawar su ne ake cin karo da su kullum. 行 "xíng" ne in ana maganar tafiya, a 银行 kuwa, wato banki, "háng" ne. 便 "biàn" ne a 方便, sauƙi, amma a 便宜, araha, sai ya koma "pián", kuma ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou ba zai yini bai buƙaci wannan ba. 重 na nauyin kaya "zhòng" ne, birnin 重庆 kuma Chóngqìng.

Japan ta fi wuyar sha'ani. Kanji, wato haruffan Sin da Japanawa ke rubutu da su, guda 2,136 ke cikin jerin hukuma na amfanin yau da kullum, galibinsu da karatu iri biyu: on'yomi da aka aro daga Sin, da kun'yomi na asalin Japananci. In kanji biyu suka haɗu, yawanci na aro ake yi. In hiragana, baƙaƙen Japananci masu nuna sauti kawai, ta biyo baya, na asali. Dokar tana karyewa fa. 生物 a littafin kimiyya "seibutsu" ne, abu mai rai. A jikin kwalin saƙo "namamono" ne, ɗanyen abinci, a yi maza a sa a firji. 一日 a takardar haya kan zama "tsuitachi", ɗaya ga wata, ko "ichinichi", yini guda. Sunan unguwa 日本橋 a Tokyo Nihonbashi ne, a Osaka Nippombashi.

Sunan mutum kam, tambaya ake yi. Su kansu Japanawa suna tambayar juna, ba abin kunya ba ne, kuma manhajar waya hasashe kawai take yi. Shi ya sa fom ke da layin furuci a saman gurbin suna: in an rubuta ふりがな cika da hiragana, in フリガナ ne da katakana, ɗaya salon baƙaƙen sautin da ake rubuta sunayen baƙi da shi. Zaɓi yadda za ka rubuta sunanka da katakana ka tsaya a kai, domin in na banki ya saɓa da na wurin aiki, albashi kan maƙale.