Yadda ake hana ƙwayar legionella zama a ruwan wurin aiki

Masu kula da gine-gine a nan Accra da yawa sun ɗauka shan ruwa ne ke kawo cutar huhu da ƙwayar legionella ke haddasawa, sai su sayo wa ma'aikata fiya wata su ce an gama. Alhali shaƙarta ake yi. Feshin shawa da na tiyon wankin mota ne ke kai ƙwayar cikin huhu, bayan kwana 2 zuwa 10 sai zazzaɓi da tari. Sunanta ya samo asali ne daga taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, inda ta hallaka mutane.

Fara da hawa kan rufi. Ƙwayar tana hayayyafa tsakanin digiri 20 zuwa 45, mu kuwa Polytank ɗinmu, wato tankin ruwa na roba, baƙi ne, yana wuni cikin rana. Ƙa'idar Turawa ta riƙe ruwan sanyi ƙasa da digiri 20 ba za ta yiwu mana ba. Yi masa rumfa, rufe murfinsa ruf, ka wanke lakar ƙasansa. Tunda famfo ba kullum yake zuwa ba, kowa babban tanki yake so, amma ruwan da ya yi makonni a kwance shi ne gidanta.

Sai bututu, inda na sha kashi. A wani masauki wajen Nima na wanke tanki, na zuba kulorin, na tafi ina murna. Gwaji ya dawo da ƙwaya. Ashe an taɓa cire wani wurin alwala, aka toshe bakin bututun aka bar shi cikin bango, ruwa kwance a ciki, ɗumi, da santsi kamar kuɓewa. Kulorin bai kai can ba. Saboda haka bi kowane bututu da ƙafarka har ƙarshensa. Wanda ba ya kai ruwa ko'ina, yanke shi daga tushe, kar ka toshe. Famfon da ba a cika buɗewa ba, sake shi ya zuba na 'yan mintuna kowane mako, a hankali don kada ya yi feshi.

Hitar ruwan zafi kuwa, a bar ta a digiri 60. Na san kuɗin wuta na ciwo, amma rage ta zuwa 40 kiwon ƙwayar ne. Kan shawa a kwance shi duk wata uku, a kankare, a jiƙa a kulorin. Sayi ma'aunin zafi da littafi, ka riƙa rubuta kwanan wata.