Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Amfani da Lissafin Kuɗi a Shawarwarin Kasuwanci

Kuskure mafi muni a ganina shi ne ɗaukar riba a matsayin kuɗin da ke hannu. A tsarin lissafin da kamfanoni suka fi bi, ana rubuta ciniki tun ranar da kaya ya bar hannun mai sayarwa, ko da mai saye bai biya ba tukuna, don haka littafi zai iya nuna riba mai tsoka alhali asusu ba shi da abin biyan albashi. Idan kamfani yana ba abokan cinikinsa wa'adin kwana 60, shi kuwa masu kawo masa kaya suna karɓar kuɗinsu cikin kwana 30, to akwai giɓin wata guda da dole a cike shi daga wani wuri, kuma duk lokacin da ciniki ya ƙaru, giɓin ƙara faɗi yake yi. Abin takaici, irin wannan matsala takan kayar da kasuwancin da ke tsakiyar bunƙasa. Gyaranta shi ne a riƙa yin hasashen shigar kuɗi da fitarsu mako-mako na tsawon makonni 13 masu zuwa, a kuma jera waɗanda kamfanin ke bi bashi gwargwadon daɗewar bashinsu, kafin a karɓi babbar kwangila ko a buɗe sabon reshe.

Sai kuma rikita ribar da aka ɗora a kan kuɗin saye da ribar da ke cikin kuɗin sayarwa. Wanda ya sayi abu 100 ya sayar 125 ya ɗora kashi 25 cikin 100, amma rabonsa a kuɗin da ya karɓa kashi 20 ne kawai. Ranar da ya yi wa mai saye ragin kashi 20, yana zaton ya bar wa kansa 5, farashin ya koma 100 daidai, kuma da zarar an cire haya da sufuri ya soma cin uwar kuɗi.

Manajoji da yawa kan rufe sashen da rahoto ya nuna yana asara ba tare da tambayar yadda aka raba masa hayar gini da albashin hedikwata ba. Waɗannan kuɗaɗe suna nan ko an rufe sashen, sai dai su koma kan sauran sassa. Tambayar da ta dace ita ce nawa zai daina shigowa, nawa kuma zai daina fita idan aka rufe shi. Muddin cinikin sashen ya zarce kuɗin da shi kaɗai yake ci, yana rage wa kamfanin nauyi.

Akwai kuma ci gaba da zuba jari a aikin da ya gaza don kawai an riga an kashe da yawa. Jirgin saman Concorde da gwamnatocin Ingila da Faransa suka haɗa kai suka ƙera, wanda ya fara jigilar fasinja a 1976 ya daina a 2003, ya zama misalin da masana tattalin arziki ke bayarwa a kan wannan. Kuɗin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba ko wace shawara aka yanke, don haka abin aunawa shi ne sauran kuɗin da za a ƙara da abin da ake sa ran zai shigo.

Ko shi abin da zai shigo ɗin sai an auna shi da lokaci. Idan jari zai iya kawo kashi 10 a shekara a wani wuri, to 121 da za a karɓa bayan shekara biyu daidai yake da 100 na yau, kuma aikin da zai mayar da 115 a kan 100 cikin wannan wa'adi asara ce, ko da akanta ya rubuta 15 a layin riba.