Yadda Maigida Zai Gode wa Ma'aikatansa Har Su Riƙe Aiki da Zuciya Ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe shago a kasuwar Kejetia, ko gareji a unguwar makanikai ta Suame Magazine, ko shagon ɗinki a Aboabo, duk a birnin Kumasi na Ghana, ya san bambancin yaron da ke aiki don idon maigida da wanda ya ɗauki aikin tamkar nasa. Na farko sai an ce masa ya yi, na biyu kuwa shi ne zai lura kaya sun kusa ƙarewa ya faɗa tun da wuri. Mutane kan ce wannan hali ne kawai, amma ni a ganina babban rabonsa yana hannun maigida, ko uwar ɗaki idan shagon mata ne, kuma godiya tana cikin abubuwan da ke gina shi, muddin an san yadda ake yin ta.

Kafin ka buɗe baki da godiya, ka tabbata babu haƙƙin kowa a hannunka. Dokar ƙwadago ta Ghana ta shekarar 2003 ta ƙayyade aiki awa 8 a rana, ko awa 40 a mako, ta kuma ba ma'aikaci hutun aƙalla kwanakin aiki 15 a shekara tare da cikakken albashi. A kuɗin fansho, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 13 cikin 100 na albashin tushe, ma'aikaci yana zuba kashi 5.5. Addini ma ya riga ya yi umarni da a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda ya riƙe wa mutum albashin wata biyu, sannan ya tare shi da "sannu da ƙoƙari", ai ƙara masa ɓacin rai ya yi.

Sai dai biyan haƙƙi shi kaɗai ba ya sa mutum ya so aikinsa. A 1959 masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da bincike kan injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh na Amurka, inda suka nuna cewa matsalar albashi da yanayin wurin aiki tana cikin abubuwan da ke jawo gunaguni, amma abin da ke sa mutum zage damtse shi ne cin nasara a aiki, da yabo, da ɗora masa amana.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka ambaci ainihin abin da mutum ya yi. "Mun gode" da ake jefa wa kowa lokacin rufe shago gaisuwa ce, tana da kyau, amma ba ta shaida wa kowa cewa an ga wahalarsa. Idan yaronka ya tsaya a kan mota har ya gano inda mai ke zuba, ka kira shi a ranar, kada ka bari sai mako ya zagayo, ka ce masa: "Ɗana, na ga yadda ka haƙura har ka gano matsalar, ba ka sallami mai motar da gyaran ganin ido ba. Saboda irin wannan ne mutane ke dawowa wurinmu. Allah ya yi maka albarka." A cikin wannan 'yar magana ka nuna masa idonka yana kan aikinsa, ka faɗa masa amfanin da aikin ya jawo, ka kuma koya masa abin da kake son ya maimaita. Idan dattijo ne da ya girme ka, kamar mai gadi, kai za ka taka zuwa wurinsa ka ce, "Baba, sannu da dare, Allah ya saka da alheri." Kumasi kuma gari ne na taron jama'a, don haka idan ma'aikacinka mutumin Asante ne, "medaase", wato "na gode" da yarensu na Twi, daga bakinka za ta fi shiga zuciyarsa.

Masu ganin cewa magana ba ta sauya komai su dubi binciken da Adam Grant da Francesca Gino suka wallafa a 2010. Ma'aikata ne masu buga waya suna nema wa wata jami'a gudummawa, albashinsu kuma ba ya ƙaruwa da yawan kiran da suka yi. Shugabar sashen ta je da kanta ta gode wa wani rukuni daga cikinsu, sai kiran da suka yi a makon da ya biyo baya ya ƙaru da fiye da kashi 50 cikin 100, alhali na sauran bai sauya ba. Dalilin da masu binciken suka gano shi ne, waɗanda aka gode wa sun ji cewa suna da daraja a idon mutane.

Kada ka ɗaura wa godiya "amma". Idan akwai gyara, ka ware masa wani lokaci, ka yi shi a keɓe, domin wanda aka yaba sannan aka kushe a numfashi ɗaya kushen kaɗai zai tafi da shi gida. Yabo a gaban jama'a kuwa yana buƙatar adalci, kuma a nan ne shagunanmu na zango suka fi tuntuɓe, saboda yawanci ɗan'uwa da bare suna aiki a inuwa ɗaya. Idan kullum ɗan yayarka ne gwani, alhali kowa ya san wanda ke ɗauke da nauyin shagon, sauran za su ja jiki ba tare da sun ce uffan ba. Ka riƙa tuna waɗanda ba a lura da aikinsu sai ranar da ba su zo ba: mai shara, da mai guga, da 'yar kayaye da ke kawo maka kaya daga tasha a tsakiyar rana.

Tukuici yana ƙarfafa magana. Yadin Sallah, ko ɗan abin Kirsimeti ga wanda yake Kirista, ko 'yan sidi ta MoMo (tura kuɗi ta waya) bayan makon da aka sha aiki, duk suna da tasiri, da sharaɗin ka faɗi dalilin bayarwar, kuma kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya cikawa ba.

Ga wanda ya daɗe yana nuna ƙwazo, kalma da kyauta ba za su wadatar ba, sai ka ƙara masa da amana. Ka ba shi mabuɗin shago, ka gabatar da shi ga manyan abokan cinikinka da sunansa, ka nemi shawararsa kafin ka saro kaya, idan shawarar ta yi amfani ka faɗa a fili cewa tasa ce. Idan kuma mai koyon sana'a ne da hannunsa ya faɗa, ka yaye shi a lokacin da kuka yi yarjejeniya da iyayensa, ka tura masa wasu daga cikin ayyukan da suka yi maka yawa har ya tsaya da ƙafarsa.