Yadda Ake Sanya Alamar Shaida a Kayan Kariyar 'Yan Agaji

Duk sabuwar ƙungiyar agaji da aka kira ni in duba mata kaya, abu ɗaya nake fara tararwa. An yi karo-karo an sayo falmaran masu ƙyalli, an kai wa mai buga rubutu, shi kuma ya cika bayan rigar da sunan ƙungiya, da reshe, da take, har da sunan alhajin da ya ba da gudummawa. Da rana abin gwanin sha'awa, a hoto ma ya fi kyau. Amma ka jera su bakin titi da ƙarfe tara na dare, ka ja baya taku talatin, sai ka rasa wane ne shugaba, wane ne mai ba da taimakon farko, wane ne ma ba naku ba.

Ba zan tsaya bayanin irin rigar da za ka saya ba, na ɗauka ka san bambancin falmaran ta bakin titi da rigar 'yan kwana-kwana da farar rigar ɗakin masu cuta mai yaɗuwa. Maganar alama zan yi.

Mataki na farko, ka zauna da takarda kafin ka je wurin tela. Tambaya uku kawai alama take amsawa: wace ƙungiya ce, wane aiki mutumin yake yi, wane ne a cikin rigar. Duk rubutun da bai amsa ɗaya daga cikinsu ba, ka soke shi. Take da adireshi da lambar wayar sakatare su tafi kan kalanda. Rukunin jini ma ban yarda a ɓata masa wuri ba, domin babu asibitin kirki da zai ƙara wa mutum jini saboda abin da ya karanta a aljihun riga, sai ya gwada da kansa.

Na biyu, tambari. A nan mutane ke taka doka ba su sani ba. Jan kuros a kan farin fili yana da masu shi. Tun 1864 aka keɓe shi, kuma Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun taƙaita amfani da shi ga sashen lafiya na sojoji, da ƙungiyoyin Red Cross, da waɗanda hukuma ta ba izini. Wasu ƙungiyoyinmu sai su ce to mu Musulmi ne, jan jinjirin wata za mu sa. Shi ma hukuncinsa ɗaya da kuros ɗin, an amince da shi a hukumance tun 1929, haka kuma jan lu'ulu'un da aka ƙara a 2005. Shuɗiyar alama mai kusurwa uku a kan fili ruwan lemo ta masu kare farar hula ce. Shuɗin tauraron nan mai reshe shida da maciji a jikin sanda, wanda hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta tsara a 1973, shaida ce ta masu aikin jinyar gaggawa, saboda haka kada ka liƙa wa wanda iyakarsa tare hanya da ɗaukar gadon majinyaci. Ku zana naku tambarin, mai sauƙi, launi biyu ya isa. Kuma ku guji duk abin da zai sa a ɗauke ku jami'an hukumar agajin gaggawa ta NEMA ko na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC.

Na uku, inda za a sa rubutun. Rigar ƙyalli abu biyu ne ke aiki a jikinta. Akwai yadin mai ɗaukar ido, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, wanda amfaninsa da rana ne da kuma almuru. Akwai tef ɗin mai launin azurfa, wanda ƙananan ƙwayoyin gilashi ko ƙananan kusurwoyin da ke jikinsa ke mayar da hasken fitila inda ya fito, shi ne na dare. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta rigunan ƙyalli, ISO 20471, ta ce rigar aji na 2 sai ta kasance da aƙalla murabba'in mita 0.50 na yadin da 0.13 na tef, ta aji na 3 kuma 0.80 da 0.20, faɗin tef kada ya gaza santimita 5. Falmaran ƙaramar lamba da ƙyar take cika wannan ma'auni tun daga kamfani. Duk tafin hannu ɗaya na fenti da ka shafa mata, ka rage mata abin da direba zai gani. A kan tef kuwa ko ɗigon fenti kada ya hau.

Tsarina shi ne: aiki da manyan haruffa a tsakanin kafaɗu, kalma ɗaya, kamar JINYA ko CETO ko HANYA, tsayin harafi kamar santimita 8. Ƙaramin tambari a ƙirjin hagu. Suna a ƙirjin dama, sannan a maimaita shi a can ƙasan baya. Wannan na ƙasan baya daga 'yan kwana-kwanan Amurka na ɗauko shi. Su a gindin riga suke sa suna, domin tukunyar iskar da suke goyawa tana rufe tsakiyar baya gaba ɗaya. Mu ko babu tukunya akwai jakar goyo, kuma a wurin aiki yawanci bayan mutum kake gani, ya sunkuya.

Na huɗu, suna da lamba. Ga inda nake so ka nutsu, domin a nan ni na sha kunya.

Wata damina muka yi sababbin riguna, na sa tela ya ɗinka sunan kowa da zare a ƙirji da baya, ɗinki mai kyau wanda ba ya fita. Ina ta alfahari da su. Ba a yi wata biyu ba wani tsohon gini ya rufta cikin dare bayan ruwan sama. Muna cikin aiki sai aka ga rigar ɗaya daga cikin yaranmu a yashe kusa da inda bango na biyu ya sake zubowa. Aka kira wayarsa, a kashe. Hankalin kowa ya tashi, muka bar ɓangaren da muke tonawa muka dawo nan, muna kiran sunansa. Mun fi rabin sa'a a haka kafin wani ya tuna cewa yaron ya tafi ƙauye biki tun shekaranjiya. Wani sabon shiga ne ya ɗauki rigarsa a ofis saboda tasa ba ta iso ba, zafi ya dame shi ya tuɓe ya ajiye, ya tafi neman ruwan sha. Allah ya kiyaye, babu abin da ya same shi. Abin da ya hana ni barci daga baya shi ne, da shi bangon ya danne, babu mai nemansa, domin babu wanda ya san ya zo. Muna haƙa muna neman wanda ke cin shinkafar biki, na gabanmu kuwa ba ya cikin lissafi.

Tun daga ranar na raba abu biyu. Riga tana da lamba, lambar ce ta dindindin, a buga ta babba a baya da cikin wuya, a rubuta a littafin kaya. Suna kuwa na mutum ne, yana kan ƙyalle dabam mai Velcro, abin mannawar nan irin na takalman yara. Kowa sunansa na aljihunsa kamar katin shaida. Ka ɗauki riga, ka manna sunanka, ka gama aiki ka ɓalle abinka. Wanda ya zo babu ƙyallen suna, a rubuta masa da alƙalamin maka a kan farin filasta a liƙa, kada a bar shi ya shiga da sunan wani ko da na minti biyar ne. Velcro na ƙara kuɗi kaɗan, tela ma zai yi ƙorafin aikin ya yi yawa, amma ka lissafa kuɗin farke ɗinki duk lokacin da wani ya bar ƙungiya, za ka ga ribar tana wajenka. Ka sayi mai faɗin santimita 5, ɓangaren mai laushi a jikin riga, mai kaushi a jikin suna, in ba haka ba rigar za ta riƙa kwashe zare da ciyawa.

Wane suna za a rubuta? A ƙungiya ɗaya za ka samu Muhammadu huɗu da Abubakar uku. Ka sa sunan da ake kiran mutum da shi idan an ɗaga murya, ko da laƙabi ne, matuƙar ba na wasa ba ne. Cikakken suna har da na mahaifi ba shi da amfani a cikin hayaƙi, a wuraren da tsaro ya taɓarɓare ma yana iya jawo wa mutum matsala, can lamba da sunan farko sun wadatar.

Suna a riga shi kaɗai ba ya gaya maka wa ke ciki wa ya fito. 'Yan kwana-kwanan Ingila kowane mai shiga da tukunyar iska yana miƙa wata 'yar alama ga jami'in da ke bakin ƙofa, a rubuta sunansa da yawan iskar tukunyarsa da lokacin shigarsa, a saƙala ta a allo, ba ya karɓar abarsa sai ya fito. Namu na talaka shi ne katako da ƙusoshi, da mariƙin makulli na roba mai ɗauke da sunan kowa. Ka shiga, ka rataye. Ka fito, ka cire da hannunka, ba a cire wa wani. Wanda ke tsaron allon ba ya taɓa shebur, ko ana ta ihu.

Na biyar, yadda ake haɗa alamar da riga, nan kuma kowace riga da hukuncinta. Falmaran ta bakin titi ɗinki ko bugu duk ta ɗauka. Rigar kashe gobara tana da hawa uku: na waje mai jure wuta, na tsakiya mai hana ruwa ratsawa, na ciki mai tare zafi. Telan unguwa in ya samu, allura zai kora ta ratsa duka ukun. Kowace huda ƙofa ce ta ruwa, ruwa kuma in ya shiga ya haɗu da zafi tururi yake zama, ya dafa fata. A cire na cikin, a yi ɗinkin a hawan waje kaɗai, da zaren da ba ya narkewa irin na Nomex, ƙyallen da haruffan su ma masu jure wuta. Zaren roba na kasuwa narkewa yake yi. Idan ba ka samu waɗannan ba, ka bar rigar yadda take, ka sa lambar a hular kwano da sitika mai ƙyalli. Hular ma ba a huda ta, ba a yi mata fenti, domin wasu fentin na cin robar ta yi rauni.

Farar rigar ɗakin masu Lassa ko Ebola kuwa ba a kusantar ta da allura ko fil ko kaɗan, kuma ba a rataya kati a wuya, domin duk abin da ya shiga ɗakin ya ɗauki cuta. Abin da ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka riƙa yi lokacin Ebola ta 2014 shi ne daidai: bayan mutum ya gama shiri, abokin aikinsa ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta masa suna da lokacin shiga a goshin hular, yadda za a san wanda ya daɗe a fito da shi kafin zafi ya kayar da shi, domin da wuya mutum ya wuce sa'a guda a cikin wannan kaya. Ni ina ƙara aiki, LIKITA ko NAS ko TSAFTA, a ƙirji da baya. A Laberiya a 2015 an gwada liƙa hoton fuskar ma'aikaci a ƙirjin rigar don majinyaci ya san da mutum yake magana, aka sake yin haka a asibitoci da dama lokacin korona. In za ka yi, ka buga a takardar sitika wadda za a ƙone tare da rigar.

Launi na bambanta aiki, amma kada ya wuce uku. Shugaban wuri farar hula, kamar yadda aka saba a ƙasashe da yawa, sauran ruwan ɗorawa, masu jinya kuma a ƙara musu shuɗin zobe a hannun riga. Ka nisanci ɗaura wa ma'aikata jan ƙyalle ko kore ko baƙi a hannu, domin ja da ruwan ɗorawa da kore da baƙi su ne launukan da ake tantance waɗanda suka ji rauni da su.

Sai gwaji. Da dare, mutum ya sa cikakken kayansa har da jaka, ya juya baya ya sunkuya, kai kuma ka ja baya taku talatin. Ka riƙe tocila a gefen idonka, kada ka riƙe ta a ƙugu, domin tef inda hasken ya fito yake mayar da shi. In ba ka karanta aikin da lambar ba, a ƙara girman haruffa ko a rage kalmomi. Ka ɗauki hoto da filashin waya, duk inda tef ya mutu zai fito baƙi.

Wanki da ruwan sanyi, ba bilic, ba buroshi, ba guga a kan tef, a ɓalle suna tukuna, a shanya a inuwa domin rana na kashe launin yadin. Takardar da ke cikin wuyan rigar ta faɗi adadin wankin da tef ɗin zai jure, ka riƙa yin ɗan layi da maka a wurin duk wanki. Rigar da ta ƙare, a yanke tambarin da lambar kafin a jefar, a soke lambar a littafi, kada gobe ka gan ta a jikin wani yana karɓar kuɗi a tasha da sunanku.